Na sa wa motata gajerun sifirin, sitiyari bai karkace ba: dole sai na yi saitin ƙafa?

Tambaya daga wani matashi a unguwar Yelwa, Garwa, a Kamaru: "Assalamu alaikum babban yaya. Ina da Toyota Avensis ƙirar 2006. Na sa mata gajerun sifirin gaba da baya, ta sauka kamar milimita 35. Bakaniken da ya ɗaura ya ce tunda sitiyari yana tsaye daidai, motar kuma ba ta jan gefe, ba sai na kashe kuɗin paralelisim, wato saitin ƙafa, ba. Wani abokina kuma ya ce in bari sai bayan wata guda, sifirin su zauna tukuna. Wanne zan bi? In kuma za a yi saitin, da lambobin kamfani za a yi ko da wasu?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗauki maganar ko ɗaya daga cikinsu yadda take. Saitin ƙafa dole ne, kuma na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba. Abokinka akwai ƙamshin gaskiya a batun zaman sifirin, sai dai wata guda ya yi yawa a bar taya tana gugar kwalta. Hujjar bakanikenka kuwa ita ce ta fi cin tayoyin mutane a garin nan, don haka da ita zan fara.

Mota tana jan gefe ne idan ƙafar dama da ta hagu sun saɓa: ɗaya ta fi ɗaya karkata, ko iskar ɗaya ta fi ta ɗaya, ko burkin gefe guda yana kamawa. To kai sifirin iri ɗaya ka sa a gefe biyu. Dama ta sauka milimita 35, hagu ma haka. Duk abin da ya sauya a dama shi ya sauya a hagu. In tayoyin gaba sun buɗe baki, tare suka buɗe: ta dama tana son tafiya dama, ta hagu tana son tafiya hagu, ƙarfinsu ya kashe juna, mota ta miƙe ɗoɗar, sitiyari yana tsakiya abinsa. Direba ba ya jin komai a hannu. Sai bayan 'yan watanni ya durƙusa ya leƙa, ya tarar da gefen ciki na taya ya yi sulɓi har waya ta leƙo, alhali gefen waje da yake gani kullum yana nan kamar sabo. Sitiyari a tsaye abu ɗaya yake nunawa, cewa kuskuren dama da na hagu sun zo daidai da juna. Bai ce babu kuskure ba.

Dalilin da ya sa saukar da mota ke taɓa saiti a fili yake in ka kwanta ƙarƙashinta ka duba. Ba a jikin mota taya take manne ba, hannayen ƙarfe ne ke riƙe da ita, kowane hannu yana lilo daga inda aka ɗaure shi, bakinsa yana zana baka a iska. Hannun ƙasa yana da nasa tsawon da nasa wurin ɗauri. Tayarod, wanda ke kawo juyin sitiyari zuwa taya, shi ma da nasa. Idan ƙafa ta shige sama, bakan nan biyu ba sa tafiya daidai da juna, sai tayarod ya ɗan jawo taya ko ya ɗan tura ta. Masu ƙera motar sun san da haka, suka tsara komai ya tsaya daidai a tsayin da ta fito da shi daga kamfani, sauyin ya riƙa zuwa na ɗan lokaci kawai, sa'ad da aka faɗa rami ko aka taka burki. Gajeren sifirin ya ɗauki wannan sauyi na ɗan lokaci ya mayar da shi mazaunin motar na dindindin. Ko taya ciki za ta tsuke ko waje za ta buɗe, wannan ya danganta da ƙirar motar, da ko rak ɗin sitiyari a gaban aksil yake ko a bayansa. Shi ya sa ba a yin hasashe, aunawa ake yi.

Akwai dalili na biyu, wanda ko da sifirin masu tsayin asali ka sa yana nan. A gaban Avensis, sifirin a jikin shokazoba yake, ba ya fita sai an kwance notocin nan biyu manya da suka haɗa gindin shokazoba da ƙarfen da ke ɗauke da taya. Ramukan notocin suna da ɗan wasa. Wasan da bai kai milimita guda ba a wurin yana iya zama sulusin digiri ko fiye a taya, kuma ba bakaniken da hannunsa ke mayar da shi daidai inda ya same shi. A irin wannan ƙafa kuma, da zarar karkatar taya ta motsa, inda take kallo ma ya motsa.

Abu uku ake aunawa. Na farko inda taya take kallo, in ka hango ta daga sama: bakinta na gaba ya tsuke ciki ko ya buɗe waje. Shi ne ainihin paralelisim, ko da yake a gareji sunan ya rufe aikin gaba ɗaya. Na biyu karkatar taya in ka tsaya a gaban mota, wanda takardar na'ura ke kira karosaj. Motar da aka saukar takan yi gwame, saman tayoyin ya shige ciki ƙasansu ya baje waje, kuma kamar yadda mai gwame ke cinye gefen ciki na takalminsa haka take cinye gefen ciki na taya. Na uku kwanciyar ƙafar gaba zuwa baya, wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Wannan na ukun ba ya cin taya, saukar milimita 35 ba ta cika taɓa shi sosai ba, kuma a motarka ba wurin saita shi. Ana duba shi ne kawai don in dama da hagu sun bambanta da yawa, a san wani ƙarfe ya lanƙwashe.

Matasa kan tsorata da gwamen saboda ido yana ganinsa. Amma wanda ido ba ya gani ya fi shi ɓarna nesa ba kusa ba. Bari mu yi lissafi da tayar da irin motarka ta saba zuwa da ita, 205/55 R16, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 632 ne. A ce tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba ta fi faɗi a bakinsu na gaba da milimita 3 kacal a kan na baya. Kowace taya ta kauce da milimita 1.5 ke nan a cikin 632. Wato duk kilomita guda da ka yi, kowace taya tana neman kaucewa gefe da kusan mita biyu da rabi, jikin motar yana fizgo ta yana dawo da ita. Daga Garwa zuwa Marwa kimanin kilomita 200 ne. Kafin ka shiga Marwa ka ja kowace tayar gaba a kaikaice kusan rabin kilomita a kan kwaltar da rana ta gasa. Ka dawo, kilomita guda ta kusa cika. Milimita 3 kuwa ba wani abu ba ne, sauyin da ake tararwa bayan saukar da mota yakan kai haka, wani lokaci ya wuce. Idan ka taɓa lura da farantin ƙarfen da ake sa mota ta bi ta kai a wuraren bizit teknik (duba lafiyar mota) masu na'ura, wannan kaucewar yake aunawa, mita nawa a kilomita. Amma kada ka ɗauki wucewa a can a matsayin saiti, jimilla kawai yake faɗa, ba ya nuna ƙafar da ke da laifi.

In gwame da buɗewar baki suka haɗu, to abin ya yi muni, domin nauyin motar duka a gefen ciki yake, gugar ma a nan take sauka. Yawancin tayoyin da ake ɗora wa karosaj laifin mutuwarsu, kallon taya ne ya kashe su.

Za ka iya gwadawa yau ba tare da kayan aiki ba. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen tayar daga waje zuwa ciki, sannan daga ciki zuwa waje. In ta wani ɓangaren sumul ne, ta ɗayan kuma kana jin kaifi yana kama fata, taya ta fara guga.

Sai batun lokaci. Sifirin na kirki, irin na Eibach ko H&R na Jamus ko Tein na Japan, an riga an danne su tun a masana'anta, ƙarfen kansa ba ya wani sauka sosai. Abin da ke zama shi ne robobin da ke sama da ƙasansa, da bakin sifirin da ke neman gurbinsa, abin 'yan milimita ne, kuma cikin mako guda zuwa biyu na tuƙin yau da kullum ya gama. Saboda haka aikin kashi biyu ne. A ranar da aka ɗaura, ko washegari, a daidaita kallon tayoyin ko da da zare ne, don kada su ci kansu. Bayan mako ɗaya ko biyu a koma a yi cikakken saiti a kan na'ura. In aljihu ba zai ɗauki zuwa biyu ba, ka yi yawon cikin gari na 'yan kwanaki, kada ka hau babbar hanya, sannan ka je sau ɗaya. Yadda za ka san ta gama zama: ka ajiye ta a wuri mai shafe, ka auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi a ƙafa huɗun, ka rubuta. Bayan kwana uku ka sake. Ranar da lambobin suka daina motsi, lokaci ya yi. In kuma ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka da fiye da santimita guda, kada ka je saiti tukuna, wani sifirin bai zauna a gurbinsa ba, ko an juya shi, ko an sa na wani gefe a wani.

Idan kuwa abin da aka sa maka ba gajerun sifirin na kamfani ba ne, na asalin ne aka yanke da injin yankan ƙarfe ko aka gasa da wutar walda har suka durƙusa, to maganar saiti ba ta taso ba. Wanda aka gasa ya rasa taurinsa, zai yi ta sauka ba tsayawa har ranar da zai karye. Wanda aka yanke yana iya tsalle daga gurbinsa idan taya ta rataya a rami. A cire su kawai.

Kafin motar ta hau na'ura akwai aikin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma a ganina ya kai saitin kansa muhimmanci. Bushin ɗin roba da ke gindin hannayen ƙafa ba juyawa suke yi a kan noti ba, robar ce ke murɗewa. An ɗaure su ne a tsayin motar na da, a nan robar take hutawa. Yanzu da motar ta sauka, robar tana murɗe ko da motar tana ajiye a ƙofar gida, ga kuma zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da ita. Ba ta daɗewa take tsagewa. Maganin shi ne a sassauta notocin hannayen, a sauke motar a kan tayoyinta, a girgiza ta, a tura ta gaba da baya, sannan a ɗaure su nauyinta yana kanta. Ana yin haka a kan ramin gareji ko a kan gadar da taya ke takawa. Duk wanda ya ɗaure su mota tana kan jak ƙafa na reto ya ɓata aikin, kuma motar takan tsaya sama da inda ya kamata ta zauna, mai ita ya yi ta zargin sifirin.

A wannan zaman ne za a girgiza kowace ƙafa a duba boljoyin, kan tayarod, boris ɗin taya da bushin. Motar 2006 da ta sha hanyoyinmu da wuya a rasa ɗaya da ya yi wasa, kuma ba a saita ƙafar da ke wasa, lambar da aka gani a allo tana tashi da zarar an fita ƙofar gareji. A duba rim ko ya lanƙwashe. A daidaita iska da safe taya tana da sanyi, bisa lambar da ke manne a jikin motar, ba bisa bugun ƙafar mai faci ba. A kwashe tarkacen but, a bar abin da kullum ke ciki.

Shokazoba fa? In tsofaffin da suka zo da motar ne, gajeren sifirin ya fi ƙarfinsu: ya fi na asali tauri, kuma ya sa su aiki a can ƙasan tafiyarsu. Saiti ba ya hana motar da shokazobarta ta mutu tsalle, taya kuma za ta ci tudu-tudu. In akwai niyyar sauya su, a sauya kafin saiti, don ba a kwance su ba tare da an sake saitin ba. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don motar da aka saukar, kamar Bilstein B8.

Yanzu lambobi. A kallon taya, lambar kamfani za a bi, ba wata. Yawancin motoci masu ja da gaba, tayoyin gabansu kusan a miƙe suke, sifiri ko ɗan tsukewa kaɗan, na baya kuma da ɗan tsukewa ciki. Ka sa mai aikin ya kai allurar tsakiyar zangon da aka yarda da shi, kada ya tsaya a bakin iyaka don allo ya nuna kore. A karosaj kuwa, ka sa a ranka cewa wataƙila ba zai koma cikin zangon kamfani ba, tunda tsayin da aka yi lissafin a kai ya tafi. Ni a wurina, gwamen da bai wuce digiri ɗaya da rabi ba abin zama da shi ne, muddin kallon tayar daidai yake, har ma yakan ƙara wa mota riƙo a kwana. Abin da ba na yarda da shi shi ne dama da hagu su bambanta da fiye da rabin digiri, domin a nan ne mota ke fara ja, tana bin gefen da tayarsa ta fi miƙewa tsaye. In gwamen ya doshi digiri biyu, to a gyara, musamman ga mai doguwar tafiya a miƙaƙƙiyar hanya.

Gyaran a gaba da noti ake yi. Toyota da kanta tana da notoci masu siririn jiki da ake sawa a gindin shokazoba don a sami wurin motsawa, wasu kamfanoni kuma suna yin masu ɗan ƙusumbi a jiki, in ka juya su ƙafar ta matsa. Waɗannan an yi su da ƙarfe mai ƙarfin ɗaukar aikin. Abin da na hana shi ne a je kasuwa a tsinto siririn noti na haɗa ƙofa a zura a wurin, ko a faɗaɗa ramin da wutar walda, ko a gasa ƙarfen ƙafa a lanƙwasa shi da jak. Ana yi, na sha ganin an kawo su. Notocin nan biyu su ke riƙe da tayar gaba a jikin motarka.

Baya ne nake so ka fi sa wa ido, saboda irin motar da kake da ita. Masu Yaris, da Corolla ta wajen 2002 zuwa 2007, da Golf 4, bayansu gungumen ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, in an saukar da su karkatar ba ta wani sauyawa, kuma ba wurin saiti sai dai a cusa siririn faranti a bayan ƙarfen taya. Avensis ta 2003 zuwa 2008 ba haka take ba. Kowace tayar baya da hannayenta na sama da na ƙasa, irin ƙafar da ke ƙara gwame duk sa'ad da ta shige sama. Ka saukar da ita milimita 35, sannan ranar Juma'a ka ɗauki mutum uku a baya, ka dawo daga Marwa da buhun albasa a but, ta ƙara sauka. Gwamen da aka auna motar ba kowa ba shi ne wanda take tafiya da shi a hanya ba. In ka san kullum da kaya kake, ka faɗa wa mai saitin, ya rage gwamen baya gwargwadon abin da ƙafar ta ba da dama, ko a auna da irin nauyin a ciki.

Sannan tayar baya da ta buɗe waje ba kuɗin taya kaɗai take ci ba. Tana sa bayan mota ya riƙa neman wuce gaba a kwana, abin da ba ka so ya same ka a gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Garwa, ko a kwaltar da ruwan farko ya jiƙa. In kuma tayar baya ɗaya ta fi ɗaya tsukewa, motar tana tafiya a kaikaice, direba yana riƙe sitiyari a ɗan karkace don ya rama. Mai saitin gaba kaɗai zai miƙar da sitiyarin ya bar cutar a baya. Shi ya sa tsarin aikin daga baya yake farawa: karkatar baya, kallon baya, sannan karkatar gaba, kallon gaba shi ne na ƙarshe, sitiyari a kulle a tsakiya, ana juya tayarod na dama da na hagu kowanne gwargwadon buƙatarsa. Wanda ya juya tayarod ɗaya kawai, ko ya cire sitiyari ya mayar a wani haƙori don ya miƙe, ka ɗauke motarka.

Wani abu da za ka iya cin karo da shi: motocin nan daga Turai suka zo, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, notocin saiti na baya sukan yi tsatsa su manne da bututun bushin. Ka fara fesa musu man warware tsatsa kwana biyu kafin ranar. In sun ƙi, yanka su za a yi a sa sababbi da sabon bushin. Wasu in suka ga noti ya ƙi sai su ce maka bayan motar nan ba a saita shi. Ka durƙusa ka duba da idonka, noti mai faifai a kansa da zane-zanen ma'auni na saiti ne.

Wajen zaɓen gareji, nemi mai na'urar da ake maƙala wa tayoyi huɗu, kuma ka ce a ba ka takarda mai lambobin kafin aiki da na bayan aiki, ko ka ɗauki hoton allon da wayarka. Ka tabbata an zaɓi motarka da shekararta a kwamfutar, ba wata Toyota da ta yi kama da ita ba. Ka kuma kula da yadda aka rubuta lambar, domin wasu na'urori da digiri da minti suke rubutu, wasu da digiri da ɗigo. Minti 60 ne digiri guda, saboda haka 0°30' rabin digiri ne, daidai da 0.50°, ba 0.30° ba. Haka ma milimita: abin da ya ba da 3 a bakin taya, kusan 2 zai ba da a leɓen rim mai inci 16, sai a san a ina aka auna. Na'ura kuma ba ta fi mai riƙe da ita ba. Gadar da ta karkace ko na'urar da ta shekara ba a daidaita ta ba za ta ba ka kore mai kyau a kan ƙarya.

In kana inda babu na'ura, zare yana aiki, kuma a hannun mai haƙuri yana kaiwa kusa ƙwarai. Ana samun daɓe mai shafe, a ja zaren kamun kifi a kowane gefen mota daidai tsayin tsakiyar taya, a tabbata tazarar zaren biyu a gaban mota daidai take da ta bayanta, motar kuma tana tsakiyarsu. Daga nan a auna da rula daga zare zuwa leɓen rim na gaba da na baya a kowace taya, bambancin shi ne kallonta. Kada a jingina zaren a jikin tayar baya a ce an sami layi, domin faɗin ƙafar gaba da ta baya ba lallai su zo ɗaya ba, ita tayar bayan ma ba a san inda take kallo ba. A sa leda mai kauri ninki biyu da ɗan giris a tsakani ƙarƙashin tayoyin don su sami sulɓewa, kuma bayan kowane juyi a tura motar baya da gaba kafin a sake aunawa. Karkata kuwa da zare mai nauyi a baki irin na magina ake ganinta: a rim mai inci 16, bambancin milimita 7 zuwa 8 tsakanin leɓen sama da na ƙasa digiri guda ne.

Ƙananan abubuwa da ke biyo baya: a sake saita fitilun gaba a jikin bango, don gaba da baya ba sa sauka daidai da juna, kuma masu fitilar zenon suna da ma'aunin tsayi a jikin ƙafa wanda yanzu yake ganin motar kamar an yi mata lodi. In taka tana da VSC, na'urar da ke hana mota sulɓewa a kwana, a sa kwamfuta a sake nuna mata inda tsakiya take bayan saiti. Masu tsofaffin motoci marasa ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki) su kuma su sani akwai bawul a baya da ke ƙara ƙarfin burki idan mota ta yi nauyi, saukarwa tana ruɗa shi, burkin baya ya riƙa kullewa da wuri.

Ba ka tambaye ni ra'ayina a kan saukarwar kanta ba, amma zan faɗa a taƙaice. Motocin gida irin wannan tazararsu da ƙasa ba ta cika wuce santimita 14 zuwa 16 ba, ka cire uku da rabi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. An yi sifirin nan ne don titunan da ba su san tudun rage gudu na ƙauyukan hanyar Figil ba, balle ramukan Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, ko rairayin rafi da damina. Tafiyar da ƙafa ke da ita kafin ta daki robar tsayawa ta ragu, duka kuma yana wucewa kai tsaye zuwa rim da hannaye, saitin yana saurin gocewa fiye da da. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motarka ce, kuma na san ta yi kyau a ido. Sai dai ka sa a lissafinka cewa za ka riƙa duba saiti duk bayan wata shida ko bayan duk wani mugun rami da ka ji har cikin haƙoranka, ka riƙa juya tayoyi gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, kana leƙa gefensu na ciki da tocila, ka kuma sa wa kwanon baƙin mai farantin kariya.

Tsofaffin sifirin kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ka ɗaure su biyu-biyu, ka rubuta na gaba da na baya, ka ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Ranar da za ka mayar da su, ko don sayar da motar ko don hanya ta gajiyar da kai, a sake sassauta bushin a ɗaure a sabon tsayin, a sake saitin ƙafa huɗun daga farko.